Sharhi: Ya ƙara shekara a jami'a, ko ya miƙa sunansa ga NBA?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau ya leƙa Amurka ne, fagen ƙwallon kwando, inda duk shekara tsakanin Afrilu da ƙarshen Mayu ake samun samari 'yan shekara 19 ko 20 da barci ke ƙaurace wa idanunsu saboda tambaya ɗaya: in koma jami'a in ƙara shekara, ko in miƙa sunana ƙungiyoyin NBA su zaɓe ni?

Ƙungiyoyi 30 ne a gasar NBA, babbar gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwando ta Amurka, kuma ba sa sayen matashi daga ƙaramar ƙungiya kamar yadda muka saba gani a ƙwallon ƙafar Turai. A watan Yuni suke zama su zaɓi sabbin 'yan wasa bi da bi, zagaye biyu, kimanin mutum 60, waɗanda suka fi shan kashi a kakar da ta wuce su ne a sahun gaba wajen zaɓe. Tun daga 2006 doka ta ce sai yaro ya cika shekara 19 a shekarar zaɓen, kuma sai ya yi shekara guda da barin sakandare. Wannan doka ce ta rufe ƙofar da Kevin Garnett ya bi a 1995, Kobe Bryant a 1996, da LeBron James a 2003, waɗanda daga sakandare suka zarce NBA kai tsaye. Daga nan jami'a ta zama zango ga fitattun yara: su yada kaya shekara ɗaya, su wuce.

Iyaye da malamai za su ce ai karatu shi ne gaba, wanda ya zauna ya ƙware darajarsa ƙaruwa za ta yi. Ina ma haka abin yake a ranar zaɓe. Rabon da a fara zaɓar ɗan wasan da ya kammala shekara huɗu a jami'a a lamba ɗaya tun 2000, lokacin da aka ɗauki Kenyon Martin na jami'ar Cincinnati. Daga John Wall a 2010 har zuwa Cooper Flagg a 2025, duk ɗan jami'ar da ya zo na farko shekara ɗaya tak ya yi. Sauran biyun, Victor Wembanyama da Zaccharie Risacher, daga Faransa suka zo, ba su taka jami'ar Amurka ba ma.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya taɓa shiga kara sayen dabbar kiwo ya san maraƙi mai kyan ƙashi ya fi jan hankalin mai saye a kan sa da ya gama girma, domin shi babban sa an riga an ga iyakarsa. Haka masu farautar 'yan wasa na NBA suke kallon lamarin. Yaro ɗan shekara 19 da ke da tsawo da sauri amma bai iya jifa ba, sai su ce za mu koya masa. Ɗan shekara 23 mai irin wannan rauni kuwa, sai su ce da zai koya da ya koya. Kuma kowane wasa da aka ƙara yi a jami'a ƙarin faifan bidiyo ne da za a zauna a tsefe a nemo aibi.

Sai maganar kuɗi. Wanda aka zaɓa a zagayen farko yana da tabbacin albashin shekara biyu, kuma lambar da ya fito ita ke yanke yawan abin da zai samu. Na zagaye na biyu ba shi da wannan tabbaci sai abin da wakilinsa ya iya ƙullawa. Babban kuɗin kuma yana kwantiragi na biyu ne, bayan shekara huɗu, don haka wanda ya jinkirta shiga da shekara ɗaya ya jinkirta wannan rana, ya kuma rage shekara guda daga ɗan lokacin da jikinsa zai iya nema masa abinci.

Akwai 'yan wasa biyu da nake so mu tsaya a kansu, domin a ganina duk maganar tana tsakaninsu.

Na farko Oscar Tshiebwe, ɗan Lubumbashi a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango. A 2022, yana jami'ar Kentucky, shi aka ba kyautar gwarzon 'yan wasan jami'o'in Amurka baki ɗaya. Ba a samu mai cafke ƙwallon da ta kuskure kwando kamarsa ba, kimanin 15 a kowane wasa. Ya zaɓi ya koma makaranta ya ƙara shekara, ya sake yin abin da ya saba yi, da ƙwazo da tsare mutunci. Da aka zo zaɓen 2023, aka kira sunaye zagaye biyu cur ba a kira nasa ba. Daga baya Indiana Pacers ta ba shi ƙaramin kwantiragin da ke raba ɗan wasa tsakanin babbar ƙungiya da ta masu neman gurbi. Abin ya taɓa ni ƙwarai, domin yaron bai yi kasala ba. Sai dai abin da ƙungiyoyi ke tambaya a kansa tun farko, wato jifa daga nesa da iya tsare 'yan wasa masu sauri a wajen da'ira, shekarar da ya ƙara ba ta amsa shi ba. Ta ƙara masa shekaru ne kawai.

Na biyu Zach Edey, ɗan Kanada mai tsawon kimanin mita 2.24, na jami'ar Purdue. Shi ma an ba shi wannan kyauta a 2023, shi ma aka ce ya yi nauyi, ba zai iya gudun NBA ba, da wuya ya shiga zagayen farko. Ya miƙa sunansa, ya ji abin da ƙungiyoyi suka ce, ya janye ya koma. Ya dawo ƙafarsa ta fi sauƙi, numfashinsa ya fi tsawo, ya sake lashe kyautar, ya kai Purdue wasan ƙarshe a 2024 inda jami'ar Connecticut ta doke su. Memphis Grizzlies ta ɗauke shi a lamba 9. Gaskiya ne masana da dama sun ce zaɓen wannan shekarar ba shi da manyan taurari, kuma hakan ya taimake shi. Amma ya koma ne ya gyara ainihin abin da aka nuna masa.

Akwai kuma haɗarin da ba ruwansa da ƙwazo. Jared Sullinger na jami'ar Ohio State, a 2011 ana lissafa shi cikin na gaba-gaba. Ya zauna, likitoci suka gano matsala a bayansa, a 2012 ya faɗo lamba 21.

Kada kuma a ɗauka lambar zaɓe ita ce ƙaddarar mutum. Stephen Curry ya yi shekara uku a Davidson, ƙaramar makaranta, aka ɗauke shi na 7 a 2009. Damian Lillard ya yi huɗu a Weber State, ya zo na 6 a 2012. Draymond Green bayan shekara huɗu a Michigan State sai a lamba 35 aka tuna da shi. Jalen Brunson ya ci kofin jami'o'i sau biyu da Villanova, 2016 da 2018, amma aka bar shi har lamba 33, yau ga shi jagoran New York Knicks. Ƙungiyoyi suna yin kuskure a kan waɗanda suka daɗe a makaranta, kuma suna maimaita shi. Namu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, da ya fara ƙwallon kwando a makare, shekarun da ya yi a jami'ar Houston ne suka mayar da shi wanda aka fara zaɓa a 1984, gaban Michael Jordan. Tim Duncan kuwa ya cika alkawarin da ya yi wa mahaifiyarsa kafin rasuwarta cewa zai gama digiri, ya yi shekara huɗu a Wake Forest, kuma duk da haka shi ne na farko a 1997. Amma wancan zamani ne da kusan kowa ke daɗewa a jami'a, zama bai zama abin tuhuma ba tukuna.

Abin da ya sauya lissafi a 'yan shekarun nan shi ne kuɗi ya shigo jami'a. Daga Yulin 2021 aka halatta wa ɗalibai 'yan wasa su samu kuɗi da sunansu da hotonsu ta hanyar talla, a 2025 kuma kotu ta amince makarantu su riƙa biyan su kai tsaye. A da talauci ke koro yaro daga aji, ya shiga zaɓe bai shirya ba don uwa na jiran kuɗin haya. Yanzu fitaccen ɗan wasan babbar jami'a na iya samun abin da ya kai, ko ya fi, na wanda aka ɗauka a zagaye na biyu. Shi ya sa masu miƙa suna da wuri suka ragu daga sama da 350 a 2021 zuwa 106 a 2025. Na yi murna da wannan. Sai dai yaranmu na Afirka ba su ci moriyarsa daidai da 'yan ƙasa ba, domin bizar ɗalibi ta taƙaita irin aikin kuɗin da baƙo zai yi a cikin Amurka.

Ni dai a nawa ganin, wanda ƙungiyoyi suka tabbatar masa yana cikin goma ko sha biyar na farko, ya tafi, kamar yadda Khaman Maluach na Sudan ta Kudu ya yi bayan shekara ɗaya a Duke aka zaɓe shi na 10 a 2025. Makaranta ba ta gudu, Curry ma sai a 2022 ya karɓi digirinsa. Wanda ke kan iyakar zagaye na farko da na biyu, ya je gwajin da ake yi a Chicago a watan Mayu, ya karɓi rubutaccen bayanin da kwamitin NBA ke ba ɗalibai kan inda ake hasashen za su faɗo, ya saurari wannan maimakon 'yan kanzagi da dillalan da ke jiran kaso. In zai koma, ya zauna da kocinsa tun kafin ya janye suna, ya tambaye shi ko zai bar shi ya yi jifan nesa da tsaron da NBA ke son gani. Koci yana neman cin wasan ranar Asabar ne, kuma sau da yawa abin da ke ci masa wasa shi ne yaron ya ci gaba da yin abin da ya riga ya iya.

Masu sauraro, nan muka kawo ƙarshen sharhin na yau. A huta lafiya.