Matuƙin jirgin da titinsa ruwa ne

Wannan laccar wani ɗan jihar nan ne, matuƙin jirgin sama, ya yi ta ga ɗaliban sakandare a Birnin Kebbi. Daga rikodin waya na kwafo ta, na rage gaishe-gaishe da inda surutu ya yi yawa.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu da ke zaune can baya, da ku ƙannena ɗalibai. An ce in yi magana kan tuƙin jirgin sama, toh ni nawa jirgin ba shi da taya, kan ruwa yake tashi kan ruwa yake sauka, kuma ƙasar da nake aikin in kunka duba taswira sai kun ƙura ido kafin ku gan ta.

Sunanta Maldif, cikin Tekun Indiya take, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Tsibirai ne ƙanana kusan 1,200 a warwatse, daga arewa zuwa kudu sama da kilomita 800, babu tudu babu dutse, akasarin ƙasar bai wuce mita 1 ko 2 sama da ruwan teku ba. Musulmi ne, tun 1153 sarkinsu ya musulunta, Ibn Battuta ma ya taɓa yin alƙalanci can. Kuma kuɗin wurin nan da kakanninmu sunka yi ciniki da shi a kasuwar Jega kafin zuwan sulallan Bature, da yawansa daga ruwan tsibiran nan anka tsamo shi, kun ga ashe ba yau munka fara hulɗa da su ba.

Mi ya kai jirgin sama kan ruwa? Baƙi 'yan yawon buɗe ido suna sauka ne a babban filin jirgi na Velana, tsibirin Hulhule, dab da Male babban birnin ƙasar. Amma otal ɗin da za su kwana kowanne yana kan nashi tsibiri shi kaɗai, wani in ka bi ta kwale-kwale sai ka yini, kuma tsibirin ya yi ƙanƙanta a shimfiɗa mai titin jirgi. Sai mu. Jirgin sunansa Twin Otter, ƙirar Kanada, tun 1965 anka fara tashinsa, inji biyu masu farfela, an cire tayoyin an ɗaura mai wasu dogayen kwale-kwalen ƙarfe guda biyu a ƙasa. Fasinja kaman 15 yake ɗauka, matuƙa biyu, da ma'aikaci ɗaya a baya. Babu ban ɗaki ciki, kuma ƙarar inji sai an toshe kunne.

Wanda ke ba mu umarni na gaskiya a aikin nan rana ce. Ba a sauka kan ruwa da dare, don babu fitilar titi a teku, idonka ne fitilarka. Ƙasar kan layin da ya raba duniya biyu take, duk shekara rana na fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6, to tsakanin nan ne duk abincinmu yake. Ana sallar asuba ka nufi wurin aiki, gari na wayewa kana sama, tashi sauka tashi sauka, wata tafiyar minti 20 wata minti 45, har rana ta yi ja. Kuma eh, hoton da kunka gani a Facebook gaskiya ne, farar riga mai igiya a kafaɗa, gajeren wando, ƙafa ba takalmi. Zafi ne da jiƙewa, ba gayu ba.

Bari in tsaya kan sauka don nan ne aikin yake. Wanda ke sauka a filin jirgin Sir Ahmadu Bello na nan garin, titinsa na nan inda ya bar shi jiya. Ni nawa titin kullum sabo ne, sai na zo bisa tsibirin na kewaya na leƙa ƙasa na zaɓa. Ina duba daga ina iska ke busowa don fuskantarta ake yi, ina duba ina igiyar ruwa ta nufa, ina duba launi: shuɗi mai duhu zurfi ne, kore mai haske ba zurfi, ruwan ƙasa-ƙasa kuma dutsen murjani ne ke kwance dab da sama, in ka taɓa shi ya farke maka cikin kwale-kwalen. Ga masunta, ga masu iyo, ga ƙaramin jirgin ruwa da zai ratso gabanka ya bar maka igiya. Abin mamaki ranar da ruwa ya kwanta luf ba ko motsi ita ce ranar tsoro, don ido ba ya iya gane nisanka da shi, kana ganin saura mita 10 ashe ka riga ka iso, ranar na'ura kake bi kana sakin jirgin kaɗan kaɗan har ka ji ya taɓa. Bayan ka taɓa kuma babu birki wallahi, ruwa ba ya san birki, sai dai ka juya farfela ta yi ribas, kana wasa da injin dama da na hagu, iska na tura ka gefe, har ka raɓi wani dandamalin katako da ke yawo kan ruwa, abokin aikinku na baya ya fito da igiya ya yi tsalle ya ɗaure. Daga lokacin da ka taɓa ruwa kai da mai kwale-kwalen Yawuri sana'arku ɗaya.

Shi ya sa maganar lodi ba ta da wasa wurinmu. Kowace jaka sai ta hau sikeli, man da za a zuba sai an lissafa, in nauyi ya wuce a bar kaya a baya ko na wane ne. Mu 'yan Kebbi ba sai an yi mana dogon bayani ba, ba mu manta jirgin ruwan da ya nutse kusa da Wara ta Ngaski a watan Mayun 2021 ba, Allah ya jiƙan waɗanda sunka rasu.

Sai hadari. Daga wajen Mayu zuwa Nuwamba iskar damina ke busowa daga kudu maso yamma, ruwan sama ya taso kaman bango ka daina ganin tsibirin da ke gabanka. Nan ake gane kyaftin. Baƙo ya biya dala dubbai, jirginsa na komawa Turai zai tashi da yamma, yana maka tsawa, manajan otal na kira, ofis na kira, kai kuma ka dubi sama ka ce ba za mu tashi ba sai ya wuce. A ganina wannan kalmar ta fi iya saukar wuya, kuma wanda ba ya iya faɗinta ga wanda ya girme shi ya nemi wata sana'a tun da wuri. Injiniyoyi ma a yaba musu, gishirin teku cin ƙarfe yake, kullum suna wanke jirgi da inji da ruwan daɗi.

Zaman kuma fa? Inda magariba ta riske ka nan za ka ɗaure jirgi ka kwana, sau da yawa a otal ɗin da masu kuɗin duniya ke kwana, daren farko ka yi ta ɗaukar hoto, bayan wata biyu ka fara mafarkin tuwon shinkafa da miyar kuka. Abincinsu kifi ne da kwakwa da shinkafa, da safe kifi da rana kifi da dare kifi, har ɗan Argungu sai ya ce a bar shi haka. Kusan komai shigo da shi ake ta jirgin ruwa, don haka tsada, hayar ɗaki a Male ko tsibirin Hulhumale da ke dab da ita kuwa kar ku tambaya. Masallaci dai ba matsala, ko'ina kiran sallah.

Wanda ya fi ciwo nisa ne. Sun riga mu da awa 4, lokacin da yaranka ke dawowa daga islamiyya kai ka yi barci don asubancin gobe. Babu jirgi kai tsaye zuwa Najeriya, sai ka bi ta Dubai ko Doha, ka sauka Abuja ko Legas, sannan ka kamo hanyar gida. Mu kuma ba mu ajiye gawa, in an yi rasuwa kafin ka samu tikiti an dawo daga maƙabarta, sai dai ka zo gaisuwa. Suna, biki, Sallah, da yawa a waya za ka yi su, musamman Disamba zuwa Afrilu da baƙi ke cika ƙasar ba mai ba ka hutu.

Wata ƙanwata nan gaba ta turo takarda wai ta ina ake farawa, kuma mace na iyawa? Tana iyawa, akwai mata kyaftin. Ki riƙe lissafi da fiziks da Turanci, don duk duniya da Turanci matuƙi ke magana da masu ba jirage umarni daga hasumiyar filin jirgi. Makaranta muna da ita nan gida, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, tun 1964. Za ki fara da ƙaramin lasisi, ki yi na aikin kasuwanci, babban lasisin kyaftin kuma sai kin tara awa 1,500 a sama, saukar ruwa horonta daban ne bayan wannan. Kuɗin karatun na da nauyi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba, ku riƙa bin sanarwar tallafin karatu. Iyayenmu na baya, don Allah kafin a sayar da fadama ko shanu a fara kai yaro gwajin lafiya wurin likitan da hukumar jiragen sama ta amince da shi, a duba ido da kunne da zuciya, musamman gane launuka, don akwai yaro mai ƙoƙari da ba ya bambanta ja da kore kuma shi kansa bai sani ba sai ranar gwajin.