Fizar farin kabeji: yadda ake gasa ta ba tare da fulawa ba

Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ku dubi kofin nan da ke hannuna. Ruwan da ke ciki daga farin kabeji guda ɗaya tal na matso shi, ga shi ya kusa cika kofin. Ku riƙe shi a rai, domin duk wadda ta gwada fizar farin kabeji ta caɓe mata, wannan ruwan ne ta bari a ciki.

Fiza dai abincin mutanen Nafoli ne a kudancin Italiya, kuma da can cimar talakawan birnin ce, a bakin titi ake saye a ci a tsaye. Yau ta kai matsayin da a 2017 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar masu gasa ta a Nafoli cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Faifan ƙasanta, wato burodin da ake ɗora kayan a kai, abu huɗu ne kawai: fulawa, ruwa, gishiri da yis. Suna jefa ta a tanderun itace mai zafin da ya haura digiri 400, cikin minti ɗaya da rabi ta gasu. Da za ka kai wa tsohon mai gashin Nafoli abin da za mu yi yau ka ce masa fiza ce, ina jin sai ya kore ka daga shagonsa.

Wannan ta farin kabeji a Amurka ta yi tashe, bayan shekarar 2010, lokacin da mutane suka shiga yayin rage cin sitaci, wasu kuma likita ya hana su alkama. Wata mata mai suna Gail Becker, da 'ya'yanta maza biyu ke da cutar siliyak, wadda ke sa hanjin mutum ya ƙi jituwa da alkama, ta gaji da wahalar yin ta a gida har ta kafa kamfanin Caulipower, ya fara sayar da ita a daskare a 2017.

To me ake ci riba da shi? Giram 100 na fulawa yana da kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kusan 360, da kabohaidiret, wato dangin sitaci da sukari, sama da giram 70. Giram 100 na ɗanyen farin kabeji kuwa kalori 25 ne, kabohaidiret ɗinsa giram 5, biyu daga ciki ma harza ce da ke taimakon hanji. Ga mai ciwon sukari ko mai son rage ƙiba, wannan tazara ba ƙarama ba ce. Sai dai abin da ya rage masa kalori shi ne kuma matsalarsa: kashi 92 cikin ɗari na farin kabeji ruwa ne. Sannan ba shi da gulutin, sinadarin da ke ba kwaɓin alkama danƙo, wanda ke sa kwaɓin fanke ya ja ya miƙe bai tsinke ba. Ke nan aiki biyu ne a gabanmu, mu fitar da ruwa, mu kuma samo abin da zai riƙe shi a madadin danƙon alkama.

Ga kayan. Farin kabeji matsakaici guda ɗaya, mai nauyin kamar giram 600 zuwa 700 bayan an cire ganye. Ɗan uwan kabejin da muka sani ne, jinsinsu ɗaya, sanyi yake so, shi ya sa a Najeriya galibi daga Jos ake kawo shi. Ki zaɓi fari tas mai tauri, wanda kansa ke a dunƙule. In kin ga ɗigo-ɗigon baƙi ko ya fara laushi, ya kwana biyu a hanya. Sai ƙwai ɗaya, gogaggen cukun mozarela kamar rabin kofi, tafarnuwa ƙwaya biyu, ɗan masoro, da busasshen ganyen oregano idan akwai, in babu tayim ya wadatar. Gishiri ɗan kaɗan, don cukun da kansa yana da gishiri.

A yanke shi reshe-reshe a wanke da ruwan gishiri, saboda ƙananan tsutsotsi na son ɓuya a tsakanin rassan. Daga nan a goga a greta, ko a zuba a injin markaɗe a riƙa dannawa ana saki, ba tare da ruwa ba. So ake ya zama kamar tsakin masara ko ɓarzajjen shinkafa. Ya wuce haka ya zama kunu, kuma kunu ba ya matsuwa.

Yanzu a turara shi a madambaci minti biyar zuwa bakwai, kamar dai za a yi dambu. Ban so a dafa shi cikin ruwa: ruwa muke gudu, kuma bitamin C ɗin da ke cikinsa ruwan dahuwa ne ke kwashe shi ya tafi da shi. Turarawar ce ke sa ya yi laushi ya saki ruwan da ya riƙe. A juye a faranti mai faɗi a bar shi ya huce, aƙalla minti goma. Kada a yi gaggawa a nan, na taɓa ƙona tafin hannuna da shi, kwana uku ina jinya.

Ga wurin da aikin yake. Duk wadda ta taɓa yin awara ko ta tace gasarar koko ta riga ta iya. A samu farin ƙyalle mai tsabta, irin na tata, a juye farin kabejin a tsakiya, a tattara bakin a murɗa. Ku kalli yadda yake zuba. A murɗa, a huta, a sake murɗawa. Idan kin ji kamar ya ƙare, kwance ƙyallen ki juya abin da ke ciki ki sake ɗaurewa, za ki sha mamakin abin da zai ƙara fitowa. Ni nakan raba shi kashi biyu, don ƙaramin ƙulli ya fi matsuwa. Wannan tulin da ya cika kwano ɗazu, ga shi ya dawo curi ɗaya da bai fi dunƙulen hannu ba. Ki taɓa: ya kamata ya yi kamar danshin gari, in kin danna da yatsa gurbin ya tsaya, ba ruwan da ke tsattsafowa.

Ranar da na fara yi, sau ɗaya na matse na ce ai ya isa haka. Bayan rabin awa a obin, gefen ya ƙone ƙurmus, tsakiyar kuma tana nan kamar faten doya. Da cokali muka ci, yara na ta dariya.

A zuba curin a kwano, a fasa ƙwan, a zuba cuku da kayan ƙamshi, a cakuɗa da hannu. Ƙwan idan ya ji wuta yana daskarewa ya kama komai, cukun kuma ya narke ya shiga tsakani, in ya huce ya ƙara ɗaurewa. Su biyun ne ke yin aikin gulutin. Akwai masu tambaya ko za a iya sa cukun Nijar ko warar Fulani. A cikin kwaɓin dai a'a, domin ba sa narkewa, don haka ba za su riƙe komai ba. Amma soyayyar wara da aka yanka ƙanana tana daɗi a sama. Idan kwaɓin ya yi miki ruwa-ruwa duk da haka, cokali ɗaya ko biyu na garin hatsin Turawa da ake kira ot zai tsotse saura, sai dai mai cutar siliyak ya duba kwalin ya tabbatar an rubuta babu gulutin.

A kunna obin tun da wuri ya kai digiri 200. A shimfiɗa takardar gashi a kan tire, a ɗan shafa mata mai. Takardar gashi nake nufi, irin ta kek. Farar takardar gwangwani mai ƙyalli tana kama shi ƙam, sai dai a kankare. A ɗora kwaɓin a riƙa dannawa da tafin hannu daga tsakiya zuwa gefe har ya zama faifai, kaurinsa kamar rabin santimita, faɗinsa kamar farantin cin abinci. Kada a yi kwaɗayin yin babba, ƙarami ya fi juyuwa. Gefen a bar shi da ɗan kauri, shi ke fara ƙonewa.

Sai a gasa shi shi kaɗai, ba komai a kansa, minti 20 zuwa 25, har ya yi ja-ja kamar bayan masa. A fito da shi, a ɗora wata takardar a sama, a kife, a ɓare ta farkon a hankali, a mayar minti biyar zuwa goma don ɗaya gefen ma ya bushe. Wannan juyin shi ke bambanta fizar da za a ɗauka da hannu da wadda za a nemi cokali. Wadda ba ta da obin za ta iya yi a kaskon da ba ya kamu, wuta ƙasa-ƙasa, a rufe minti goma sannan a buɗe tururi ya fita, amma a yi su ƙanana kamar gurasa biyu ko uku.

Miyar sama kuma mai kauri ake so. A markaɗa tumatir huɗu da tattasai ɗaya, a dafa da tafarnuwa da cokali ɗaya na man zaitun har ruwan ya ƙone, in an ja cokali a tukunya a ga hanya. Cokali uku sun isa faifai ɗaya. Bayan duk wahalar da muka sha wajen matsa, bai kamata mu dawo da ruwan ta sama ba. Haka su albasa da koren tattasai da alayyahu, a ɗan soya su sama-sama tukuna su zubar da nasu.

Nan ne kuma maganar lafiya ke iya rushewa. Na ga masu cire fulawa su cika cuku kofi biyu, su jera tsiran Turawa a kai, su ce ai mai lafiya ce. Cuku yana da kitse da gishiri sosai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin abinci. Rabin kofi na cuku a sama ya isa. Shi kuwa feferoni, wannan jan naman da ake yankawa kamar kwabo, galibi da naman alade ake haɗa shi, sai a duba kwali da kyau. Ni gasasshiyar tsokar kaza nake yagawa, ko ragowar tsiren jiya in akwai. Fizar farin kabejin da ake sayarwa a daskare ita ma a karanta bayan kwalinta: da yawa an haɗa su da garin shinkafa da sitacin rogo don su yi tauri, sitacinsu bai yi nisa da na fulawa ba. Mai ciwon sukari ya lura da wannan.

A mayar obin minti takwas zuwa goma, cuku ya narke ya fara kumfa. A fito da ita, sannan a daure a ba ta minti biyar. Da zafinta laushi gare ta, sai ta sha iska take ƙanƙamewa.

Ga shi na yanka, na ɗaga, ta tsaya a hannu ba ta lanƙwashe ba. Ɗanɗanonta ba na burodi ba ne, kada wani ya yaudare ku. Ta fi kusa da wainar ƙwai mai ƙamas-ƙamas a gefe, da ɗan ƙamshin kabeji a ƙarshe. Wanda kabeji ke kumbura wa ciki ya fara da yanka ɗaya ko biyu, don shi ma farin yana yin haka. In ta yi saura, a saka a firij, kwana biyu zuwa uku ba abin da za ta yi, kuma a ɗumama ta a busasshen kasko don ta dawo da ƙarfinta. Ruwan kofin nan ma ban zubar ba, yana cikin miyar dare.