Hawa da Sauka: Yaushe Tsoho Zai Ajiye Igiya?

An gabatar da wannan lacca a Agege, wata Lahadi bayan La'asar, a farfajiyar wata makarantar Islamiyya. Mai laccar dattijo ne ɗan shekara 71, mutumin Zariya, wanda ya ci ƙuruciyarsa yana hawan turakun sadarwa a Legas, ranar hutu kuma ya tafi hawan dutse. Na rubuto ta daga abin da aka naɗa a waya, na rage gaishe-gaishe da wurin da ƙarar janareta ta danne murya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu, malamanmu, iyaye mata da ke can baya, samari, Allah ya saka da alheri da kuka zo.

Da aka ce zan yi magana a kan hawan dutse, wani abokina a Mile 12 ya ce, "Alhaji, a Legas? Wane dutse? Sai dai tsaunin bola na Ojota." (Dariya.) Gaskiyarsa. Garin nan ruwa ne da yashi da fadama. Amma ko nan akwai masu rayuwa a sama: masu hawa kan tirela su kwance lodin albasa, magina a kan katakon bene, masu gyaran wayar lantarki. Duk wanda ƙafarsa ke barin ƙasa don neman abinci ko don sha'awa, maganar nan tasa ce.

Ni a gindin Kufena na tashi. Muna yara ba takalmi ba igiya, sai tafin ƙafa da rashin hankali. Sai da na je horo a Shere Hills ta Jos, makarantar nan da ake kira Man O' War, wadda 'yar'uwarta ta ruwa take nan Apapa, sannan na san cewa hawa ilimi ne. A can na koyi ɗaura ɗamara, da ƙullin igiya, da ƙugiya, da hular kwano. A can kuma na koyi abin da ya fi duka: mutum biyu ne a igiya ɗaya. Ɗaya yana sama yana neman tsagar da zai soka yatsa, ɗaya yana ƙasa yana sakar masa igiya kaɗan-kaɗan, in ya zame ya danne. Ku riƙe wannan na ƙasan, za mu dawo kansa.

Tsufa bai hana hawa ba. Wannan sai na fara faɗa, don kada a ce tsoho ya gaji ya zo yana kashe wa mutane gwiwa. Akwai wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan, Marcel Rémy, a 2017 yana da shekara 94 ya hau wani bangon dutse a ƙasarsu mai tsayin mita ɗari huɗu da wani abu, 'ya'yansa biyu suna riƙe masa igiya. Ya rasu a 2022 yana da 99. A Birtaniya, Chris Bonington ya hau wani dutse da ke tsaye ƙiƙam a bakin teku a Sukotilan, wanda suke kira Tsohon Hoy. Ya fara hawansa a 1966, ya koma ya sake a 2014 yana da shekara 80. Tsayinsa mita 137, kuma ba kamar Olumo na Abeokuta ba, shi ba matakala, ba inda za ka zauna ka sha ruwan leda. Ga mata ma: Dierdre Wolownick, 'yar Amurka, ba ta fara hawa ba sai da ta doshi sittin, ta hau El Capitan, wani ƙaton bangon dutse a ƙasarsu, tana da 66, ta sake tana da 70.

To amma labarin mutum biyu nake so ku auna. Min Bahadur Sherchan, mutumin Nepal, ya kai ƙolin Everest, dutse mafi tsayi a duniya, a 2008 yana da shekara 76, ya zama mafi tsufan wanda ya taɓa takawa can. A 2013 wani ɗan Japan, Yuichiro Miura, ya hau yana da 80, ya karɓe kambun. Sherchan bai haƙura ba. A 2017, yana da 85, ya koma don ya ƙwato abinsa, ya rasu a sansanin gindin dutsen tun bai fara hawan ba. Ajali ne, ba mu ja da wannan. Shi kuwa Miura, a farkon 2019, yana da 86, ya nufi Aconcagua a Ajantina, dutse mafi tsayi a Kudancin Amurka. Ya kai wajen mita 6,000, likitar da ke tare da shi ta ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Ya sauko. Mutumin da ya hau Everest sau uku, ya kashe kuɗi, ya ƙetare rabin duniya, aka ce masa juya, ya juya. Ni a wurina wannan saukowar ta fi hawan ukun wuya.

Me ke canzawa a jiki? Allah ya riga ya faɗa a Suratur Rum, aya ta 54: ya halicce mu daga rauni, ya ba mu ƙarfi, sannan bayan ƙarfi ya mayar da rauni da furfura. Likitoci bayani kawai suka ƙara. Daga shekara talatin tsoka takan fara raguwa a hankali, bayan sittin raguwar ta ƙara sauri. Iyakar bugun zuciya ma tana sauka. Lissafin da aka saba yi shi ne ka cire shekarunka daga 220: ɗan 25 yana da wajen 195 a minti, ni da nake 71 ina da wajen 149. Inji ɗaya ne, amma an ɗaure masa totur. Jijiyar yatsa da ta kafaɗa, wadda a da take warkewa a mako biyu, yanzu sai ta ci wata uku tana yi maka magana da asuba. Ga ƙashi yana rage ƙwari, faɗuwar da saurayi zai tashi ya kakkaɓe wando, kai ita ce za ta karya maka ƙugu.

Duk wannan ana iya lallaɓa shi. Ka rage tsayi, ka ƙara hutu, ka zaɓi falalen dutse maimakon mai rufowa a kai, ka bar ƙafa ta yi aikin da hannu yake yi a da. Tsohon mahayi ya fi yaro iya taka dutse, wannan ba gardama, da tsohuwar zuma ake magani. Kuma ku lura, gwiwar tsoho a sauka take kuka, ba a hawa ba. Ku je Idanre ta jihar Ondo, matakala sama da 600, ku zauna a gindi ku kalli masu saukowa, za ku gane shekarun kowa ba tare da kun tambaya ba.

Abin da ba a iya lallaɓawa shi ne wanda ya same ni ina da shekara 66.

Mun je wani dutse a ɓangaren Oke-Ogun ta jihar Oyo, ni da ɗan wani aminina, yaro ɗan shekara 24, ƙaƙƙarfa, ya fi ni nauyi. Tun yana goye na san shi. Shi ne a sama, ni ke riƙe da igiya. Wanda bai taɓa yi ba bai san cewa mai riƙon igiya wuyansa ke fara gajiya ba, domin kai a ɗage yake, minti goma, minti ashirin. Wuyana ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi. Na ce bari in sunkuyar da kai in ɗan murza ƙeya. Wallahi bai fi numfashi biyu ba. A cikin numfashi biyun nan ƙafarsa ta zame. Ban gani ba, ji na yi igiya tana gudu a tafina. Kafin hannun ya tuna aikinsa ya danne, ta tafi kamar gaba biyu. Ya tsaya yana lilo, tafin ƙafarsa saura kamu ɗaya ya daki wani tudun dutse da ya ɓullo. Ya leƙo yana dariya ya ce, "Baba, ka ba ni tsoro fa!" Ni ma na yi dariya. Na dunƙule hannu don kada ya ga fatar da igiya ta saɓule.

Ga tabon nan, na gaba za su gani.

Kuskure ba na tsoho kaɗai ba ne. Lynn Hill, wadda tana cikin gwanayen duniya, a 1989 a Faransa ta manta ba ta ƙarasa ƙullin igiyarta ba, ta faɗo daga wajen mita ashirin, bishiya ta tare ta, kuma a lokacin ba ta kai talatin ba. Na yi ta faɗa wa kaina wannan labari a mota har muka shigo Legas, ina neman mafita. Amma na san bambancin. Ita mantuwa ta yi. Ni ban manta komai ba. Na san abin da ya kamata, wuyan ne ya ƙi, hannun ne ya makara. Mantuwa ana maganinta da ka duba ni in duba ka kafin a tashi. Makarar hannu fa?

Wata huɗu ban gaya wa uban yaron ba. Muna haɗuwa a masallacin Juma'a, mu gaisa, in kasa. Ranar da na faɗa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Da kai ne a sama da ban ce komai ba, ranka ne, kai da Ubangijinka." Bai ƙara ba, ban kuma buƙaci ƙari ba.

Shekaru ina tambayar kaina, zan iya hawa? Kullum amsa e, domin zuciya ba ta furfura, kuma mutum mugun alƙali ne a shari'ar kansa. Ban taɓa tambaya ba: in na gaza, wa zai biya? Yaron da ke ɗaya bakin igiyar. Samarin ƙauyen da za su ɗauko ni daga kwazazzabo a kan ƙyaure, su ma su sa ransu. Hajiya da za ta yi jinyar ƙugu shekara biyu a ɗaki ɗaya a Agege.

Ban daina hawa ranar ba. Riƙe wa wani igiya ni kaɗai na daina, sai da na biyu a bayana. Shiga gaba kuwa, wato in zama mai fara hawa yana jan igiya, na riga na bar shi tun ina sittin. Yanzu sai dai a kafa igiya daga sama a sako mini, in na zame ba inda za ni. Wani zai ce wannan ai hawan yara ne. Na yarda. Yatsuna dai har yanzu suna taɓa dutse mai ɗumin rana, kuma ina jin daɗinsa. Wani kuma yankewa yake yi gaba ɗaya, kamar Walter Bonatti na Italiya, wanda ya bar manyan hawa a 1965 yana da shekara 35, yana kan ganiyarsa. Ban ga laifinsa ba, ni dai ban iya ba.

Abu ɗaya na ƙara, kuma shi nake roƙon sa'o'ina su yi, ko mai hawan dutse ne ko mai hawan tirela. Na kira babban ɗana da likitana, na ce a gaban juna: ranar da ɗayanku ya ce ya isa, ya isa, ko na yi fushi, ko na ce ni na haife ka. Na yi haka tun ina da lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗan nawa ya riga ya yi amfani da ita sau ɗaya, bara, da na ce zan bi wasu samari dutsen Zuma. Kwana uku ban yi masa magana ba. (Dariya.) Amma ban je ba.

Daga nan aka ba da damar tambaya. Wata baiwar Allah daga ɓangaren mata ta ce mahaifinta ɗan shekara 78 zai tafi Umara, yana da hawan jini, ya kuma rantse sai ya hau Jabalun Nur ya ga kogon Hira.

Mai laccar ya ce: Hajiya, da farko a tambayi malamai ga su nan, hawan nan ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, wanda bai hau ba bai rasa komai a ibadarsa ba. Sannan kada ki ce masa ya tsufa, ba zai ji ba, nima ban ji ba. Ki kai shi gadar ƙetarawa ta Oshodi da hantsi, ya hau ya sauka sau biyar, ke kina gefensa kina jansa da hira. In ya iya amsa miki ba tare da haki ya yanke masa magana ba, ku tafi wurin likita da wannan labari, shi ya yanke. In kuwa a ta uku ya kama ƙarfe ya ce bari ya ɗan kalli motoci, ki tsaya ku kalli motocin tare, kada ki ce komai.

A nan ladan ya ɗaga murya, aka tashi alwala.