Ɗigon shuɗi a taswirar waya: yadda GPS yake gano ka, da inda yake yin kuskure

Assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa. Yau za mu tsaya a kan ɗigon nan mai launin shuɗi da ke nuna inda kake a Google Maps. Direba da shi yake aiki, mai kai saƙo a babur da shi yake aiki, mai wasan Pokémon Go, wasan waya da ke bin inda mutum yake, ma shi ne jarinsa. Ranar da aka ɓata kuwa, magana ɗaya ake yi: "GPS ɗin nan ba shi da kai." Sau da yawa laifin wani aka ɗora masa. Gano inda kake aiki ne daban, zanen taswira daban, zaɓen hanya daban, kuma idan ba ka san wanne ya karkace ba, ba za ka san abin da za ka gyara ba.

Bari mu fara daga sama. GPS na Amurka ne, sojojinta suka gina shi. An harba tauraron ɗan'adam na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Taurari 24 yake buƙata, amma yawanci kusan 31 ne suke aiki, a tsayin kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana. A can baya da gangan sojojin suke gurɓata saƙon farar hula, kuskuren ya kai mita 100, sai a watan Mayu na 2000 gwamnatin Bill Clinton ta daina hakan. Yanzu kuma wayarka tana sauraron GLONASS na Rasha, Galileo na Tarayyar Turai da BeiDou na Sin, duk da dai baki ya saba da kiran su duka GPS.

Aikin kowane tauraro ɗaya ne: ya yi ta watsa saƙon rediyo mai cewa ni ne wane, ina wuri kaza, lokaci kaza ne. Wayarka saurare kawai take yi, ba ta mayar da amsa. Shi ya sa gano wuri ba ya cin data, ko layi babu a wayar zai yi aiki. Masu tsoron wai tauraro yana bin su, su kwantar da hankali ta wannan gefen. Wanda ya san inda kake shi ne manhajar da ka ba izini, da kamfanin layinka.

To, ta yaya saurare yake zama sanin wuri? Ka tuna walƙiya da tsawa: ka ga haske, sai daga baya ƙarar ta iso, kuma yawan jinkirin shi ke gaya maka nisan hadarin. Saƙon tauraro yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, yana isowa ƙasa cikin kamar kashi 7 bisa 100 na daƙiƙa. Waya ta duba lokacin da aka aiko shi da lokacin da ya iso, ta fitar da nisa. Nisa daga taurari uku ya isa a ce ga inda kake, da a ce agogon wayar daidai yake. Ga matsalar: kuskuren kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa yana zama mita 300 a ƙasa. Taurarin suna ɗauke da agogon atam, wayarka kuwa agogo mai araha gare ta. Saboda haka ake neman tauraro na huɗu, wanda da shi waya take lissafa kuskuren agogonta ta cire. Ƙasa da huɗu, ba za ka samu cikakken wuri ba. A fili kuwa wayar zamani tana iya jin 20 ko fiye idan an haɗa duk tsare-tsaren.

Wani abu a gefe, don masu son kimiyya. Agogon da ke can sama yana riga na ƙasa da kamar kashi 38 bisa miliyan na daƙiƙa a kowace rana, kamar yadda ka'idar Einstein ta nuna. Da ba a gyara wannan ba, da kuskuren ya riƙa taruwa kusan kilomita 10 kullum.

Yanzu ga tambayar da aka fi yi: me ya sa wani lokaci take kamawa nan take, wani lokaci ta yi ta lalube? Kafin waya ta yi lissafi, sai ta san takamaiman hanyar da kowane tauraro yake bi. Tauraron yana aiko wannan bayanin, amma a hankali ƙwarai, bit 50 a daƙiƙa. Na tauraro ɗaya yakan ɗauki kusan daƙiƙa 30, cikakken jadawalin duka kuwa minti 12 da rabi. Idan da intanet, waya takan sauke bayanin cikin ƙiftawar ido. Idan babu, sai ta jira na sama, kuma duk lokacin da gini ko bishiya ya katse saƙon, jiran ya ƙaru. Don haka idan za ka shiga inda ba sabis, buɗe taswirar tun kana gari ka bar ta ta kama. Idan kuma ka riga ka yi nisa, fita fili, tsaya wuri ɗaya minti ɗaya zuwa biyu, kada ka yi ta rufe manhajar kana buɗewa.

Saƙon nan yana isowa da rauni sosai. Rufin kwano yana tare shi, rufin siminti ma haka. Abin da ya fi tarewa ɓarna shi ne saƙon da ya bugi bango ko kwano ya dawo, domin ya bi doguwar hanya, waya kuma ta ɗauka nisan gaskiya ne. Ka ɗauki layukan Kantin Kwari a Kano: benaye hagu da dama, rumfuna a sama, sararin da ake gani ɗan siriri. A irin wurin nan ɗigon zai yi ta tsalle daga wannan layi zuwa wancan, alhali kana tsaye. A fili kuskuren waya bai cika wuce mita 5 ba, a nan yana iya kai mita 30 ko 50.

Dubi da'irar da ke kewaye da ɗigon. Ita ce wayar take gaya maka iya tabbacinta. Ƙaramar da'ira, taurari take ji. Babba wadda ta rufe unguwa guda, ta koma kintace da Wi-Fi na kusa ko turken sabis, kuma turke kaɗai yana iya kuskuren ɗaruruwan mita a birni, kilomitoci a ƙauye. Nan ne yawancin rigimar "na turo maka lokeshan" take farowa. Mutum yana zaune cikin shago ya buɗe WhatsApp ya tura nan take, mai zuwa ya je ya tsaya a bayan wata makaranta yana kira. Fita waje kafin ka tura. A ƙarƙashin wurin turawar WhatsApp yana rubuta yawan mitar kuskure. Ka jira lambar ta sauko ƙasa da 20, sannan ka danna. Idan ta ƙi saukowa ko a fili, shiga saitin wayar ka duba izinin manhajar, domin tun daga Android 12 da iOS 14 ana iya ba manhaja wurinka na kintace kawai. Kunna wanda aka rubuta Precise a jikinsa, ka kuma kashe tsarin tattalin batir.

Hadari, ruwan sama da ƙurar hunturu, waɗanda ake yawan zargi, kusan ba sa taɓa wannan saƙo. Abin da yake taɓa shi yana can sama da gajimare, wani ɓangaren sararin samaniya da hasken rana yake cika shi da cajin lantarki, yana jinkirta saƙon. Najeriya da maƙwabtanta suna yankin da wannan ɓangaren ya fi rikicewa bayan faɗuwar rana. Wayoyi masu kama zango biyu, L1 da L5, sun fi iya rage wannan kuskure da na saƙon da ya bugi bango. Xiaomi Mi 8 ce ta fara zuwa da shi a 2018. Wanda tuƙi ne sana'arsa, ya duba wannan kafin ya duba yawan kyamara.

Akwai kuma wanda ɗigonsa daidai yake, amma kibiyar tana kallon gabas shi yana kallon yamma. Wannan ba ruwan taurari. Idan kana tsaye, kamfas ɗin cikin waya ne yake nuna alƙibla, kuma ƙarfe da maganaɗisu suna ruɗa shi. Mariƙin waya na mota mai maganaɗisu yana cikin manyan masu laifi. Cire wayar daga jikinsa, ka juya ta a iska kamar kana rubuta lamba 8 sau uku ko huɗu, za ka ga hasken da ke gaban ɗigon ya tsuke. Da ka fara tafiya ma za ta gane alƙibla daga motsinka.

Mu sauko kan taswirar kanta. Ita ce take cin data, kuma ana iya sauke ta tun a gida. A Google Maps ka taɓa hotonka na kusurwar sama, ka shiga Offline maps, ka ja akwatin ya rufe duk hanyar da za ka bi, ka sauke. Ka sani dai, ba tare da intanet ba hanyar mota kawai za ta ba ka, babu labarin cunkoso. Organic Maps da OsmAnd ma suna aiki ba data, da taswirar OpenStreetMap wadda masu sa-kai suke zanawa, kuma a wasu ƙauyuka ta fi cika, a wasu ta fi rama. Ajiye biyu ya fi.

Inda ba sunan titi ba lambar gida, lambobin wuri su ne adireshi. Danna wurin ka riƙe, lambobi biyu za su fito. Kano tana wajen 12.0 da 8.5, na farko arewa, na biyu gabas. Ka juya su, 8.5 da 12.0, taswira za ta jefa ka kudancin Adamawa wajen Ganye. Kada kuma ka gutsure lambobin bayan ɗigo: guda biyar suna nuna wuri cikin kamar mita ɗaya, guda uku kuwa mita 110, wanda a cikin tsohon gari lungu nawa ne.

Zaɓen hanya shi ne inda ya fi kamata mutum ya riƙe hankalinsa. Launin kore, ruwan lemo da ja da kake gani a titi daga saurin wayoyin da ke kan titin ake samo shi. A 2020 wani mai fasaha a Berlin, Simon Weckert, ya zuba wayoyi 99 a ƙaramin amalanke ya ja su a titin da ba kowa, titin ya koma ja wur a Google Maps. Inda wayoyi suka yi ƙaranci kuwa, manhajar kintace take yi. Ba ta san gada ta karye jiya ba, ba ta san yau ranar kasuwa ce an cika titi da tumaki ba, ba ta san hanyar burjin nan rafi take zama da damina ba, balle ta san dajin da direbobi ba sa shiga bayan la'asar. Idan ta ce ga yanke da zai rage minti 20 kuma ba ka ga motar haya ko ɗaya tana bi ba, tsaya a tasha ka tambaya. Duba kuma irin abin hawan da ka zaɓa, domin tun 2019 akwai tsarin babur a Najeriya, kuma zai iya kai mota lungun da ba za ta juya ba.

Zafi ma yana da nasa. Apple ya ce a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35, Kano da Sakkwato kuwa a watan Afrilu suna haura 40 a inuwa. Ka ɗora waya a ƙarƙashin gilashin gaba, fuska a cike da haske, tana caji, data a kunne, ba za a jima ba ta rage haske ko ta daina caji. Matsar da ita daga rana, cire mata riga, idan da na'urar sanyi ka sa ta gaban iskar. A doguwar hanya miƙaƙƙiya kashe fuskar ka bar murya, don fuskar ta fi GPS shan batir.

Masu wasa sun riga kowa ganin wannan tsalle-tsallen. A Pokémon Go, wanda Niantic ya fitar a watan Yuli na 2016, mutumin cikin wasan yakan yi ta yawo alhali mai wayar yana kwance a ɗaki, saboda dai wannan saƙon da ke bugun bango. Wasu kuma sukan sa manhajar lokeshan na bogi don su yaudari wasan. Kamfanin da ke da wasan yana rufe asusun wanda ya kama, sannan idan aka manta da manhajar bogin a kunne, taswira da manhajar kiran mota duk za su nuna wurin bogin. Idan wayar da ka saya a hannun wani ta dage kana wata ƙasa, fara duba can.

Na ƙarshe bai cika faruwa ba, amma yana ƙaruwa a yankunan yaƙi: toshe saƙon da gangan, ko watsa na ƙarya. A 2024 kamfanin jiragen Finnair ya dakatar da zuwa Tartu a Estoniya na kusan wata guda saboda irin wannan katsalandan. Gane shi ba wuya. Sauke manhaja irin GPSTest, ka fita fili. Idan wayarka ce kaɗai ba ta jin taurari, ta abokin tafiyarka tana ji, matsalar saiti ce ko eriyar wayar, sai a kai wa mai gyara. Idan duk wayoyin da ke wurin sun kurmance tare, ko duk sun nuna wani gari ɗaya da ba nan ba, daga waje abin yake, kashewa da kunnawa ba za su yi komai ba sai kun fita daga yankin.