Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishinar Harkokin Mata, Daga Kwamitin Cibiyar Mata

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinar Harkokin Mata, Hajiya, ranki ya daɗe. Mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Shugaban ƙaramar hukuma, dagatai da masu unguwanni, malamanmu, iyayenmu mata, sannunku da zuwa.

Hajiya, ba sai mun jero ayyukanki ba, jihar nan kaf ta shaida ke uwa ce ma ba da mama. Kin baro ofis, kin sha ƙurar hanyarmu, Allah ya saka da alheri. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wutar sola muke roƙo a wannan cibiya, don mu sake kunna akwatin talabijin ɗinmu. Mun faɗa tun da farko don kada tsawon jawabi ya binne ta.

Wani zai ce duk wannan taro saboda kallon talabijin? E, kuma ga dalili. Tun 1959 aka kunna talabijin a Ibadan, Kaduna ta samu tata a 1962, aka kafa NTA a 1977, Kano ta buɗe CTV a zamanin marigayi Abubakar Rimi, wadda yau ake kira ARTV. Amma a shekarun nan duka, me macen karkara ta samu? Tashar ba ta buɗewa sai da la'asar, daidai lokacin da muke fama da tuƙin tuwo. A garin nan akwati ɗaya muka sani, marar kala, a zauren mai unguwa, ana jona shi da batirin mota. Maza a kan tabarma, yara a kan katanga, mu kuwa sai abin da yaro ya kawo mana cikin gida, rabi gaskiya rabi ƙari. Daga baya 'ya'yanmu 'yan boko suka riƙa ba mu labarin wata Oprah Winfrey a Amurka, wadda ta yi shekara 25, daga 1986 zuwa 2011, tana zama da rana tana hira da mutane a kan aure da tarbiyya da lafiya. Muka ce madalla, amma da Turanci take yi, kuma ba ta san zafin haihuwa a gida babu unguwarzoma ba.

Sai a 2014 aka buɗe Arewa24 a Kano, tasha mai magana da Hausa zalla, ta zo da shirin safe na Gari Ya Waye. Ga baƙo a kujera, likita ne ko malama ko mai sana'a, ana tambayarsa abin da mu ma za mu tambaya, da harshen da muka sha a nono. Shirin ya haura shekara 10 yanzu, ana kallonsa har Nijar da Gana da Kamaru. Ba yabon kai ba, mu muna cikin na sahun farko. Da kuɗin adashe muka sayi akwatin can da kike gani da farantin tauraron ɗan'adam, tun kafin wasu garuruwan da ake wa kallon birni su farga.

Da kin zo da safe a wancan lokaci, da kin ga abin sha'awa. An sallami yara makaranta, mace ta shigo da goyo, ɗinkin hula a cinya, ido a kan akwati. In an gama shiri sai muhawara ta ɓarke, malamar ɗinki ta yi ta buga tebur kafin a koma darasi. Matan da ba sa zuwa awon ciki, da yawansu a ɗakin nan suka sauya ra'ayi. Har mazan da suka ce zaman gulma muke yi sun dawo suna tambayar me likita ya ce a kan hawan jini.

Yau damina biyu ke nan da ƙonewar taransifomar unguwar nan. Mun rubuta takarda, mun aika wakilai, kullum amsa ɗaya: ana kan duba lamarin. Muka koma janareta. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, daga nan ma ba ta tsaya ba. Gwangwanin madarar da muke zagayawa da shi ya daina cika. Rana ta ƙarshe da muka kunna, baƙuwa na tsakiyar bayani a kan yaye, janareta ya yi tari sau biyu ya mutu. Wata amarya mai goyon fari ta ce, "Wayyo, ta tsaya ta ƙarasa mana!" Muka yi dariya, amma tun ranar akwatin yake lulluɓe da zane.

Muna da sauran buƙatu, kekunan ɗinki sun tsufa, kwanon rufi na yoyo. Waɗannan za su iya jira. Sola ce ba za ta jira ba, ranki ya daɗe: faranti, batir da inbata, daidai abin da zai ɗauki akwati ɗaya, fanka biyu da ƙwan fitila. Rana kuwa Allah ya hore mana ita kyauta.

Ga ƙiyasin kuɗin a cikin ambulan, ma'ajiyarmu za ta miƙa miki hannu da hannu, don mun ga yadda takarda ke ɓacewa a hanya. Allah ya ƙara girma, ya mai da ke gida lafiya. In kin tashi dawowa, Hajiya, ki zo da safe, mu kalli shirin tare.

Wassalamu alaikum.

Kwamitin Cibiyar Mata