Santimita 37 da suka raba Gusau da sabon jirgin ƙasa

[Taswirar Kaduna, Zariya da Kano]

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da wannan lokaci.

Akwai tambayar da ake yawan yi a majalisun Gusau da Kaura duk sanda rediyo ta kawo labarin layin dogon Kaduna zuwa Kano. Sai ka ji an ce, to ai ta Zariya zai bi, mu kuma muna da dogo tun daga Zariya har Kauran Namoda, ke nan ranar da aka gama mu ma mun samu jirgi? Amsar ita ce a'a. Ko gobe aka buɗe layin nan, tarago ɗaya nasa ba zai iya karkatowa ya nufo Funtuwa ba, balle Tsafe, balle Gusau. Abin da ya hana kuwa awo ne, awon da kowa zai iya yi da tef ɗin tela.

[Tsohon dogo a Gusau]

Wannan dogon da kuke gani na zamanin Turawa ne. Bayan jirgi ya isa Kano a 1911, sai aka ja reshe daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Kauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga da fatu Bature ya zo ɗauka, fasinja ƙari ne kawai. Duk da haka jirgin ne ya ɗaga Gusau, shi ya jawo kamfanonin sayen amfanin gona da gidan gurzar auduga da baƙin da suka cika Sabon Gari. A Kaura dogon ya ƙare, bai ƙara ko taku ɗaya ba, shi ya sa har yau Sakkwato da Birnin Kabi ba su taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba.

Ku dubi tsakanin ƙarafan nan biyu. Faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067. Haka Turawa suka shimfiɗa babban layin Legas zuwa Kano da na Fatakwal, saboda ƙaramin dogo ya fi araha, kuma yana iya shan kwana mai tsauri ya kewaye dutse maimakon a fasa shi. Su kuwa sababbin layukan, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan da aka ƙaddamar a 2021, da wannan na Kaduna zuwa Kano, faɗinsu milimita 1,435 ne. Bambancin milimita 368, kusan santimita 37.

Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne. A wajen mota haka ne, direba zai murza sitiyari ya daidaita. Jirgin ƙasa ba shi da sitiyari, dogon ne ke jan sa inda ya nufa. Ƙafar hagu da ta dama sandar ƙarfe ɗaya ce ta haɗa su, a daskare, ba ta miƙewa ba ta tsukewa. Kowace ƙafa tana da leɓe daga ciki wanda ke riƙe gefen dogo don kada ta zame. Ka ɗora tarago mai faɗi a kan dogon Gusau, in ƙafa ɗaya ta hau, ɗayar a kan tsakuwa za ta sauka. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Kafin mu zo kan mafita, ya kamata mu san yadda ake gina layin dogo, don mu iya gane inda aiki ya kai da idonmu. Kun sha jin an ce aiki ya kai kashi kaza cikin 100. Duk sanda kuka ji haka, ku tambaya: kashin me? Na kuɗin da aka biya ɗan kwangila? Na dajin da aka share? Ko na ƙarfen da aka shimfiɗa? Uku ne mabambanta, kuma kowane jami'i yana iya zaɓar wanda ya fi masa daɗin faɗa.

[Katafila da tifofi a wurin aiki]

Da safiyo ake farawa, sai biyan diyyar gonaki da gidaje, wanda shi kaɗai kan ci watanni ana ja-in-ja. Daga nan sai aikin ƙasa, kuma nan ne lokaci da kuɗi ke tafiya ba tare da mai wucewa ya ga abin burgewa ba. Jirgi ba ya son hawa da gangara. Ƙarfe ne ke tafiya a kan ƙarfe, santsi ya yi yawa, don haka injiniyoyi kan so tudun da bai wuce kimanin mita 1 a cikin kowace mita 100 ba. Inda ƙasa ta yi tudu a yanke ta, inda ta yi kwari a cike. Cikon ma ba a juye shi lokaci guda. Kamar daɓen ɗaki ne: a zuba jar ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, rola ta bi ta kai ta daddanne, a gwada taurinta, sannan a ƙara wani zubin. In aka yi ha'inci a nan, ba ranar za a gani ba. Sai damina ta biyu ko ta uku ƙasa ta zauna, dogo ya lotsa, a ce jirgi ya rage gudu ko ya kauce hanya.

Ruwa ne babban abokin gabar layin dogo. Kowane rafi da kowace fadama sai an ba ruwa hanyarsa ta ƙarƙashi, da kwalbati ko da gada. Layin da aka gama kilomita 190 cikin 200 amma gada ɗaya ba ta haɗu ba, a takarda ya kai kashi 95, a ƙasa kuwa jirgi ba zai wuce ba. Don haka in kuna neman sanin gaskiyar aiki, ku je bakin gada.

[Hannu ɗauke da tsakuwar dogo]

Ga tsakuwar da ake zubawa a kai. Ku lura da ita da kyau, ba tsakuwar rafi ba ce mai sulɓi. Dutse ne da aka fasa a inji, kowane da kaifinsa da kusurwarsa, girmansa bai kai dunƙulen hannu ba. Kaifin ne ke sa su sarƙe juna, in nauyi ya hau ba sa gudu, ruwan sama kuma ya bi ta tsakaninsu ya tsiyaye. Kaurin zubin yakan kai kimanin santimita 30 a ƙarƙashin gungumen da ke ɗauke da dogo, wanda ma'aikatan reluwe ke kira silifa. A tsohon layi za ku tarar da na ƙarfe da na katako, a sabon kuwa na kankare ne, ana jera su da tazarar kimanin santimita 60. Ku yi lissafi: sama da 1,600 a kowace kilomita. Layin Kaduna zuwa Kano kilomita 203 ne, ko hanya ɗaya aka shimfiɗa ana maganar sama da guda 300,000, kowane sai an zuba shi, ya bushe, an ɗauko shi, an ajiye a gurbinsa.

Sannan ƙarfen kansa, wanda shi ma yana da halinsa. Zafi na miƙar da shi. Ƙarfe mai tsawon kilomita 1, in zafinsa ya ƙaru da digiri 30, zai so ya ƙara kusan santimita 35. Mu da muka san bambancin sanyin asubahin hunturu da ranar watan Afrilu a ƙasar nan, mun san wannan ba wasa ba ne. Mutanen da sun magance abin da barin ɗan gibi tsakanin ƙarfe da ƙarfe, shi ne ke ba da ƙarar nan ta kacau-kacau da tsofaffi ke tunawa. A yau kuwa akan yi wa ƙarafan walda su zama dogon zare, a ɗaure su tamau a jikin silifa a yanayin zafin da aka auna, don kada su lanƙwashe da rana ko su tsinke da sanyi.

Shimfiɗa ƙarfe shi ne abin da 'yan jarida suka fi ɗauka a hoto, amma yana cikin mafi saurin aikin. Bayansa akwai sigina, da wuraren sauya layi, da wayoyin sadarwa, da gwaji, da kawo kan jirgi da taragai, da horar da direbobi. Layin Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, an soma shi a 2011, ƙarfe ya haɗu a ƙarshen 2014, amma sai a Yulin 2016 fasinja ya hau. Na Itakpe zuwa Warri kuwa tun 1987 aka fara, ba a ƙaddamar da shi ba sai 2020.

Galibi kuɗi ne ke tsayar da aiki, ba dutse ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya kafa harsashin layin Kaduna zuwa Kano a Yulin 2021, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ke yi. Bashin da aka sa rai bai fito da wuri ba, aiki ya yi ta jan ƙafa da abin da kasafin gwamnati ya iya bayarwa, sai a farkon 2025 Bankin Raya Ƙasa na Sin ya saki kashin farko, kimanin dala miliyan 255.

[Ginin sabuwar tasha]

Tasha ita ce ta fi ruɗar mutane, saboda ita ce mai fenti da gilasai. Layin Legas zuwa Ibadan ya fara ɗaukar fasinja a Disambar 2020 alhali ba a gama manyan tashoshinsa ba. Jirgin cikin garin Abuja kuma an buɗe shi a 2018 da tashoshi a gine, amma da dama cikinsu babu titin da zai kai mutum. Ya tsaya lokacin korona, sai a Mayun 2024 aka dawo da shi bayan an yi hanyoyin shiga. Ni in na je tasha, bayan ginin nake zagayawa. Akwai layi na biyu da jirgi zai raɓe ɗan'uwansa ya wuce? A hanya mai layi ɗaya, yawan irin wannan wurin ne ke yanke adadin jiragen da za su iya tashi a yini. Akwai gefen da tirela za ta matso a sauke buhu? Ɗan acaba da mai a-daidaita-sahu za su iya isa bakin ƙofa da damina?

To mu dawo Zamfara. Sabon dogo zai wuce mu ta ƙofa biyu. Ta kudu akwai Zariya. Ta arewa kuma akwai layin Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, wanda kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal ya karɓa a 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jibiya kuwa duk wanda ya san hanyar Zurmi ya san ita ce ta haɗa ta da Kaura.

Hanya mafi tsada ita ce a tone tsohon layi a sake shi da sabon faɗi, a miƙe kwanoninsa, a sake gadojinsa, a zarce da shi Sakkwato da Illela. An daɗe ana ambatar wannan a tsare-tsaren Ma'aikatar Sufuri, kuma shi ne burin kowa, amma mun ga shekarun da kilomita 203 ke ci. Akwai kuma dabarar ƙarfe na uku, inda ake shimfiɗa ƙarfe uku a kan silifa ɗaya, jirgi mai faɗi ya bi na waje, ƙaramin ya bi na ciki. Ana yin haka a Ostareliya, inda suke da faɗin nan biyu irin namu. Sai dai wannan ya fi dacewa da cikin tasha da gajerun wurare.

A ganina, abin da hannu zai iya kaiwa nan kusa shi ne a gyara ƙaramin dogon yadda yake, a haɗa shi da sabon a tasha ɗaya a Zariya. Fasinja ya sauka daga jirgin Gusau, ya taka ƙafa kaɗan ya shiga na Kano ko na Abuja, kaya kuma a juye su daga tarago zuwa tarago. An taɓa gyara irin wannan dogon, layin Legas zuwa Kano ya dawo aiki a ƙarshen 2012. Ba zai yi gudun sabon ba, gaskiya ne. Amma ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura, da ma'aikacin da ke kwana Kaura ya yi aiki a Gusau, da mai kai mara lafiya asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya, da ɗan kasuwar da ke kai masara da waken suya Funtuwa, abin da suke nema shi ne jirgin da zai tashi kullum a kan lokaci da kuɗin da aljihu zai ɗauka.

Matsaloli biyu ne a gaba, kuma ba ƙanana ba. Tsohon dogon da ya daɗe jirgi bai bi ba, ɓarayin ƙarfe ba sa ƙyale shi, Hukumar Jiragen Ƙasa ta sha kama motoci maƙare da ƙarafa da silifu a sassan ƙasar nan. Sai an bi layin taku-taku an ga abin da ya rage kafin a san kuɗin gyara. Sannan tsaro. Harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Abuja zuwa Kaduna ya rufe layin har Disamba, kuma dogonmu ya ratsa dajin da ke tsakanin Funtuwa da Tsafe da Gusau, wanda ba sai an yi wa ɗan Zamfara bayaninsa ba.

Abu ɗaya ya canza a doka. A Maris 2023 aka sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya ba jihohi damar shiga harkar jirgin ƙasa, wadda a da ta Tarayya ce kaɗai. Ke nan Zamfara da Katsina da Kaduna, jihohi ukun da tsohon layin ya ratsa, suna iya zama da Hukumar Jiragen Ƙasa su yi maganar jirgin zirga-zirga a tsakaninsu.

'Yan majalisarmu da ke Abuja, ga tambayar da za ku kai wa Ma'aikatar Sufuri tun ana zuba kankare: a zanen tashar Zariya, an bar wa layin Kaura wurin shigowa? Masu kallonmu na Zariya kuma, in kun bi ta wurin aikin, ku duba mana tazarar da ke tsakanin sabuwar tashar da tsohon dogon da ya nufo Funtuwa, ku ɗauko hoto ku turo.