Ina Mata Suke Zurarewa a Harkar Kiɗan Jita?

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A shekarar 2018 kamfanin Fender, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera jita a duniya, ya fitar da sakamakon wani bincike kan masu koyon kiɗan jita a Amurka da Birtaniya. Rabin sababbin masu koyo mata ne. Rabi cur. To amma idan kuka duba waɗanda ake biya su riƙe jita a manyan bukukuwan kiɗa, sai ku tarar kusan duk maza ne. Tsakanin ɗakin koyo da dandamalin cin abinci akwai inda matan suke zurarewa, kuma shi za mu bibiya yau.

Da farko a ajiye zancen cewa mata baƙi ne a wannan sana'a. Ga Sister Rosetta Tharpe, haifaffiyar jihar Arkansas a 1915. Waƙoƙin coci take yi, amma da jitar lantarki, tun kafin a san abin da ake kira rock and roll. Elvis Presley da Chuck Berry da Little Richard duk sun sha daga rijiyarta. A 1964 an ɗauke ta a talabijin a wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa a Manchesta ta Ingila. Ruwa ya sauka, daɓen tashar ya jiƙe, ta sauko daga keken doki sanye da doguwar kwat da takalmi mai tsini, ta rataya farar jita. 'Yan kallo suna zaune a ɗaya gefen layin dogo. Idan kuka kalli bidiyon, ku dubi hannunta na dama yadda yake fizgar tsirkiya, tana taku tana kiɗa kamar ba a kan jiƙaƙƙen siminti take ba.

Wannan matar ta rasu a 1973, kabarinta ya shekara fiye da 30 babu ko dutsen da ke ɗauke da sunanta. Sai a 2018 aka shigar da ita zauren karrama gwanayen rock and roll, bayan an daɗe da shigar da waɗanda suka koya daga gare ta. Wannan abu yana ci mini rai ƙwarai.

Labarin Elizabeth Cotten ya fi nuna yadda zurarewar take faruwa. Bahaguwa ce. Ta ɗauki jitar da aka ɗaure don masu dama, ta kifa ta ba tare da ta sauya tsirkiyoyin ba. Sai ya zama manyan tsirkiyoyi masu kauri suna ƙasa, sirara suna sama, babban yatsanta yana fitar da karin waƙa, manuniya tana riƙe da amon ƙasa. Salo ne nata na kanta, har yau da sunanta ake kiransa. Amma ta yi aure da ƙuruciya, ta ajiye jita shekaru da dama tana aikatau a gidajen mutane. A gidan iyalin Seeger, waɗanda kiɗa ne sana'arsu, aka sake jin ta tana kaɗawa. Ta karɓi lambar Grammy a 1985, tana da shekara fiye da 90. Baiwar tana nan tun tana yarinya. Lokaci da kuɗi da ƙofar shiga ne babu.

Ita wannan ƙofa yaya take? Aikin makaɗin jita ba kasafai ake tallata shi ba. Mawaƙi zai fita rangadi, sai mai shirya masa kiɗa ya kira wanda ya sani, shi kuma ya kawo abokinsa. Haka ma a situdiyo. Masu shirya kiɗan su wane ne? Binciken cibiyar Annenberg ta Jami'ar Kudancin Kalifoniya kan waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka ya nuna cewa a shekarun da aka duba tsakanin 2012 da 2020, mata ba su kai kashi 3 cikin 100 na furodusoshi ba. Idan mai riƙe da waya namiji ne, lambobin da ke cikinta kuma na maza ne, mace za ta iya ƙwarewa har ta gaji, wayarta ba ta yi ƙara ba.

Wasu sun kutsa duk da haka. Carol Kaye ta fara da jita, ta koma jitar bes mai kaurin amo, ta yi kiɗa a dubban waƙoƙi a situdiyoyin Los Anjalas, galibi ba a rubuta sunanta a jikin faifai. Jennifer Batten ta ci gwaji ta zama makaɗiyar Michael Jackson daga 1987, ta yi manyan rangadi uku tare da shi. A ɓangaren kiɗan gargajiyar Turai, Sharon Isbin ce ta kafa sashen jita a makarantar Juilliard ta New York a 1989. A Nijar kuma, inda jitar Abzinawa ta kasance ta maza, Fatou Seidi Ghali ta koya wa kanta da jitar ɗan'uwanta, ƙungiyarsu ta Les Filles de Illighadad ta zagaya Turai da Amurka.

Hatta kayan aikin ma da jikin namiji aka auna. Sananniyar jitar lantarki samfurin Les Paul takan kai kilo 4 ko fiye, ka rataya ta a kafaɗa awa biyu kana tsalle. Annie Clark, wadda aka sani da St. Vincent, ta zauna da kamfanin Ernie Ball Music Man suka zana wata mai sauƙin nauyi da siririn ƙugu, ta shiga kasuwa a 2016. Maza ma sun saye ta. Kamfanin Ibanez kuwa sai a 2018 ya fitar da jita mai ɗauke da sunan mace karon farko, wato Nita Strauss, makaɗiyar jitar mawaƙin rock Alice Cooper a lokacin.

Masu rubuta tarihi ma sun fara gyara. A 2003 mujallar Rolling Stone ta jera gwanayen jita 100, mata biyu kacal ta saka, Joni Mitchell da Joan Jett. A 2023 ta sake jerin, ta faɗaɗa shi zuwa 250, Rosetta Tharpe ta zo ta 6, Joni Mitchell ta 9. Na ji daɗin wannan, sai dai jerin mujalla ba ya biyan kuɗin haya. Yarinyar da ta sayi jita bara tana iya tara mabiya a YouTube ba tare da izinin kowa ba, wannan sabuwar hanya ce ta gaske. Amma kwantiragin rangadi da aikin situdiyo har yanzu ta bakin wanda ya san wani suke fitowa, kuma masu yin wannan kira yawancinsu maza ne.